Idan kayan jariri suka ƙare wa uwa, me ya kamata mai shago ya yi?

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya mai shagon kayan masarufi a unguwar Nima da ke Accra, a Ghana. Ta ce kusan kowane mako sai wata uwa ta tsaya mata a bakin shago, galibi bayan isha'i, goye da jariri, ta ce famfas ya ƙare ko madara ta ƙare, kuɗi kuma sai ƙarshen wata. In ta bayar jarinta na raguwa, in ta hana ta kasa barci. Wata maƙwabciyarta ta ba ta shawarar ta riƙa buɗe gwangwanin madarar jarirai tana ƙullawa a leda kaɗan-kaɗan, yadda kowa zai sayi daidai ƙarfinsa. Shin wajibi ne ta taimaka, kuma ta yaya?

Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan damuwa. Babu dokar Ghana da ta tilasta wa mai shago ya ba da kayansa kyauta ko bashi. Nauyin ci da suturar yaro yana kan iyayensa, haka dokar yara ta 1998 ta ce, haka kuma aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Duk da haka amsarmu ita ce ki taimaka. Ƙarfe goma na dare babu ofishin jin daɗin jama'a a buɗe, shagonki ne a buɗe, jariri kuwa bai san ƙarshen wata ba. Sai dai kayan jarirai ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda za ki bayar ido rufe, akwai wanda bayar da shi ba bisa ƙa'ida ba ya fi hanawa cutarwa, akwai kuma wanda ba hurumin shagonki ba ne sam.

Mafi sauƙi shi ne abin da ba ya cin ko sisi: kujera a ɗan lungu inda uwa za ta zauna ta shayar, buta da sabulu, tabarma ko benci mai tsabta da za ta kwantar da yaro ta sauya masa ƙunzugu, da leda ta ƙulle wanda ta cire. Mata 'yan dako da ke yini a kasuwa da goyo, irin kayayon Makola da Agbogbloshie, wannan suka fi rasawa. Manyan kantuna masu ɗakunan sanyi ba su da uzurin rashin tanadar irin wannan wuri.

Famfas kuma ki bayar, kada ki yi dogon tunani. Sabon haihuwa yana ɓata takwas zuwa goma sha biyu a yini da kwana, ɗan wata shida zuwa sama kamar biyar ko shida. Uku ko huɗu sun isa su kai uwa safiya. Ki tambayi nauyin yaron, domin kilo aka rubuta a jikin ledar, ba watanni ba. Wanda ya matse yana goge cinya ya bar jan zobe, wanda ya yi yawa yana yoyo ta gefe, uwa ta ƙare da wankin zane biyu. Idan kina sayar da ɗaiɗai, ki zuba su a roba mai murfi, nesa da rana da kananzir da maganin sauro da garin sabulu, ki kuma ɗauko da busasshen hannu. Ki guji waɗanda ake shigowa da su a dila babu suna babu lambar rajista, a zo a ƙulla a farar leda. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta sha yin gargaɗi a kansu, domin ba a san inda aka yi su ko yadda aka adana su ba, fatar jariri kuma ba ta da kauri.

Abin da ke faruwa idan famfas ya yi ƙaranci shi ne uwa ta bar guda ɗaya a jikin yaro tun safe har dare, ko ta shanya wanda ya jiƙe da fitsari ta sake ɗaurawa. Fitsari da kashi suka daɗe a kan fata sai ta saɓe, ta yi ja, ƙuraje su fito a matse-matsi, yaro ya yi ta tsala ihu duk lokacin da ya yi fitsari. Saboda haka tare da famfas ɗin ki tuna mata da ƙunzugun zane, wanda iyayenmu suka raine mu da shi. Tsohon zanen auduga mai laushi, a yanka shi gida goma sha biyar zuwa ashirin, a sauya duk awa biyu zuwa uku ko da zarar ya ɓaci. A wanke da sabulu, a ɗauraye har kumfa ya fita duka, a shanya a igiya cikin rana, sannan a goge da dutsen guga. Gugar ba ado ba ce: akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kan tufafin da ke da warin fitsari, musamman waɗanda aka shanya a ƙasa, tsutsar ta shiga fatar yaro ta yi kamar maruru. Zafin guga yana kashe ƙwan. Kada a naɗe ƙunzugu da baƙar leda don hana yoyo, zafi da gumi take tarawa. Takardar goge jiki mai laima ba dole ba ce, ruwan ɗumi da auduga sun wadatar.

Yanzu ga madara, inda maganar ta fi nauyi.

Shawarar maƙwabciyarki daga zuciya mai kyau ta fito, amma kada ki bi ta. Garin madarar jarirai ba a kashe ƙwayoyin cutar cikinsa ɗungurungum ba tun daga masana'anta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Cronobacter da ke iya rayuwa a busasshen gari, tana kuma jawo sanƙarau da gubar jini ga jariran da ba su wuce wata biyu ba da bakwaini. Da zarar an fasa gwangwani agogo ya fara bugawa: yawancin kamfanoni sun rubuta a yi amfani da shi cikin mako uku zuwa huɗu, a rufe, a wuri busasshe. Ki auna wannan da laimar Accra, da murfin da za a buɗe sau ashirin a yini, da hannu, da ledar ƙulli. Sannan ƙullin ba ya tafiya da cokalin awo, ba ya tafiya da umarnin haɗawa, babu ranar ƙarewar wa'adi, babu lambar rukunin da za a bi idan kamfani ya janye kaya daga kasuwa. Uwa za ta je gida ta auna da cokalin shayi da ido. Ko dai gwangwani cikakke a rufe da hatiminsa, ko babu.

Ki kuma san lissafin, domin shi zai nuna miki girman abin da ake roƙon ki. A yawancin madarar da ke kasuwarmu, cokali ɗaya shafaffe na ruwa mililita 30 ne (wasu na 60 ne, a duba jikin gwangwanin). Cokalin bai wuce giram huɗu da ɗoriya ba, don haka gwangwanin giram 400 yana ba da cokali casa'in da 'yan kai, wato madara lita uku ba kaɗan. Jariri yana shan kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo biyar zai sha mililita 750, gwangwanin ba zai cika masa kwana huɗu ba. A wata ana maganar gwangwani takwas. A wata shidan farko, jaririn da ba ya shan nono ko kaɗan yana cinye kusan kilo 20 na gari, gwangwani hamsin ke nan. Babu ƙaramin shagon unguwa da zai ɗauki wannan. Gwangwanin da za ki bayar na tsallake kwana uku ne, ba mafita ba ne, kuma ya kamata ki faɗa wa uwar haka da bakinki tun a daren.

Abin da uwa ke yi idan ta ga gindin gwangwani shi ne ta ƙara ruwa ta rage gari don ya kai ta Juma'a. Wannan yana da haɗari ta fuska biyu. A hankali yaro yana ramewa alhali cikinsa a cike yake. A gaggauce kuma ruwan da ya yi yawa yana tsinka gishirin jininsa, ya yi laushi, ya kumbura, ya fara jijjiga. Sau da yawa a gida sai a ce iska ce ko tsuntsu, a tafi neman rubutu, alhali daga fida abin ya fito. Cika gari fiye da ƙima shi ma yana wahalar da ƙoda ya busar da yaro. Don haka duk wadda kika miƙa wa gwangwani, ki ɗauki minti biyu ki maimaita mata: a wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwa ko da fiya wata ne, a bar shi ya huce bai wuce rabin awa ba, a fara zuba ruwan daidai layin awo sannan garin, ba akasin haka ba, a shafe bakin cokali, kada a danna, kada a yi tozo, a girgiza, a sanyaya kwalbar cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji. Abin da yaro ya rage a zubar, abin da ya kai awa biyu a ajiye ma a zubar. Da yadda ake ɗauke wuta, kada a dogara da firij. In babu halin tafasa fida da kan robarta kullum, ƙaramin kofi ya fi aminci, domin ya fi sauƙin wankuwa kuma jariri yana iya kurɓa da shi tun yana ɗanye.

Idan irin wadda yaron ya saba sha ba ta shagonki, wata mai lamba 1 da ke da rajistar FDA za ta yi wa lafiyayyen jariri. Mai lamba 2 ta ɗan wata shida zuwa sama ce. Abin da ba za ki miƙa wa uwar ɗan ƙasa da wata shida ba, ko ta roƙe ki, shi ne madarar shayi ta gwangwani, madara mai kauri mai zaƙi, garin madarar manya irin su Nido da Cowbell, Milo, ko Cerelac. Ba don kayan ba su da kyau ba, ba a yi su don wannan shekarun ba ne. Haka koko da ruwan sukari. Zuma kuwa a jira sai yaro ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya shanye jikin jariri.

Kafin ma ki sauko da gwangwani, tambaya ɗaya ta fi komai amfani: yana kama nono? Mata da yawa suna haɗawa ne, nono da dare, madara da rana, saboda hutun haihuwa a dokar ƙwadago ta 2003 mako goma sha biyu ne kawai, mai talla da mai dako kuwa ko wannan ba su da shi. In yana kamawa, to a daren nan abincinsa yana jikin uwarsa. Ta sa shi a nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da kwana, ta bar shi ya ƙare ɗaya kafin ta juya shi. Nono gwargwadon tsotso yake zuwa, kuma ko wanda ya ja baya yana dawowa cikin kwanaki zuwa makonni idan aka dage. A irin wannan hali taimakon da ya fi shi ne ki ciyar da uwar: gero, gyaɗa, ƙwai, burodi, abin da za ta ci ta ƙoshi. Kuɗinsa bai kai na gwangwani ba, amfaninsa ya fi daɗewa. Alamar yaro yana samun isasshe ita ce ya jiƙa ƙunzugu sau shida ko fiye a rana, nauyinsa kuma yana hawa a katin awo.

Ɗan wata shida zuwa sama lamarinsa da sauƙi. Yana iya shan madarar shanu cikakkiya da aka tafasa, ya ci koko mai kauri da aka sa wa tunkuza ko ƙwai ko garin busasshen kifi. Garin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa a wurin awo, awo huɗu na soyayyar masara da awo ɗaya na gyaɗa da wake a haɗe, duk kayansa suna kasuwar Nima. Koko tsararo shi kaɗai ne ba ya riƙe yaro. A nan Accra, a asibitin yara na Princess Marie Louise, Dakta Cicely Williams ta bayyana cutar kwashiyoko a shekarun 1930, a jikin yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Sunan ma daga harshen Ga ya fito.

Akwai kuma doka a kan madarar jarirai da masu shago da yawa ba su sani ba. Ghana ta kafa dokar kare shayarwa a shekarar 2000, mai lamba L.I. 1667, bisa ƙa'idar duniya ta 1981 kan tallar madarar jarirai, FDA ce ke sa ido a kanta. Ta hana tallata madarar jarirai da fida, ta hana rabon samfur kyauta da garaɓasar jawo masu saye. Dalilin shi ne kyautar gwangwani ɗaya tana iya sa uwa ta rage shayarwa, nono ya ja baya, ta wayi gari dole sai ta saya. Saboda haka kada ki karɓi kayan rabo daga wakilin kowane kamfani, kada ki liƙa sanarwar ana ba da madara kyauta. Sayarwa bashi a kan farashinta ga jaririn da dama ita yake sha, wannan ciniki ne, ba talla ba.

Magani kuma ba naki ba ne. Sayar da shi sai mai lasisin hukumar harhaɗa magunguna, wato kemis ko famasi. Ko ragowar maganin zazzaɓin jikanki kada ki ba da, domin da nauyin yaro ake auna shi. In gudawa ce, ki tura ta kemis ta karɓi garin gishiri da sukari da ƙwayar zinc, ta karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledar, domin wata ta mililita 600 ce, wata ta lita ɗaya.

Sai jarinki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma shagon da ya karye ba ya taimakon kowa. A ce ribarki a kan gwangwani kashi goma ce cikin ɗari na farashinsa. Guda ɗaya da ba a biya ba ya cinye ribar guda tara. Wanda ya riƙe shago a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, ya san wata asarar ma: a biya ki bayan wata biyu, kuɗin ya kasa sayo abin da kika bayar. Don haka ki yanke wa taimakon iyaka tun kafin a zo. Ki ware wani abu daga riba, ba daga uwar kuɗi ba, misali sidi biyar a duk ɗarin da kika ci, ki sa a gwangwani dabam. Famfas na dare da abincin mai jego daga nan za su fito, a matsayin sadaka, kada ki rubuta, kada ki jira. Madara kuwa bashi ce, a rubuta: suna, gida, kaya, farashi, ranar biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a ciki. Gwangwani ɗaya a lokaci guda, ba a ƙara na biyu sai an rage na farko. Ki karɓi biya kaɗan-kaɗan, ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kamar zubin adashi. Kada ki ɗora ko kwabo a kan farashi saboda jinkiri bayan an riga an yi ciniki. Wanda ya gaza da gaske, aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu, yafewa kuma ta fi. Sai dai yawancin malamai ba su yarda a lissafa bashin da aka yafe a cikin zakka ba, ki tuntuɓi malaminku kafin ki yi hakan.

Inda hali ya yi, a rubuta bashin da sunan uban yaron kuma da saninsa. Sau da yawa mace tana karɓa a ɓoye, ranar biya ta zama rigimar gida. In uban yana da hali ya ƙi, wannan ya wuce shago: akwai manyan dangi, akwai limami da sarkin zango, akwai ofishin jin daɗin jama'a da kotun iyali da ke iya yanka masa kuɗin ciyarwa.

Masu zamba suna nan, ba za a musa ba. Akwai mai karɓar madara ta kai wani shago ta sayar. Maganinsu ba wulaƙanta kowa ba ne. Kada ki ba da tsabar kuɗi. Ki sa wa gindin gwangwanin alama da alƙalamin da ba ya gogewa. Baƙuwar fuska ki nemi ganin littafin awon yaron, wanda zai nuna miki shekarunsa da nauyinsa, abin da dama kike buƙata don zaɓar mata kaya. Duk wannan a yi shi a gefe, da murya ƙasa-ƙasa. Macen da ta iya buɗe baki ta ce ba ta da na famfas ta riga ta haɗiye abu mai yawa kafin ta iso. Yaron shagonki ma ki gaya masa iyakarsa, misali famfas uku ba sai ya kira ki ba, madara kuwa sai da izininki, don kada tsoron a cire masa a albashi ya sa ya kori mai goyo.

Kuma kada ki ɗauka ke kaɗai. Cikin masu sayayya a wurinki akwai waɗanda za su so su bar canjinsu, ko su biya kuɗin leda ɗaya ta famfas a ajiye wa mai buƙata. Ƙungiyar matan unguwa, kwamitin masallaci, 'yan'uwa da ke aiko da kuɗi daga Turai da Amurka lokacin azumi, duk za su fi sakin jiki idan suka ga littafi a rubuce: abin da ya shigo, abin da ya fita, ba tare da sunayen waɗanda aka ba ba. Abu ɗaya dai, kada a mai da wannan asusu wurin juye kayan da wa'adinsu ya ƙare ko gwangwanin da ya lotsa ya yi tsatsa.

Wadda ta dawo karo na biyu a wata ɗaya neman madara, matsalarta ta fi ƙarfin kanti. Ki haɗa ta da ma'aikatan awo na asibitin Maamobi ko wurin awon da ya fi kusa da ita, su auna yaron, su duba yadda yake kama nono, su ga ko yana buƙatar abincin masu tamowa. Ki tambaye ta ko katin inshorar lafiyarta yana aiki, ana sabunta shi ta waya da *929#. In kuwa kin leƙa goyon kin ga ɗayan waɗannan: ya ƙi tsotso sam, jikinsa ya yi zafi alhali bai kai wata uku ba, maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma, ya yini bai yi fitsari ba, yana numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, yana amai da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, to ki ajiye maganar kaya da bashi. Ki tare musu mota zuwa asibiti a daren, kuɗin motar ya fito daga gwangwanin sadakar, ko ki kira lambar gaggawa 112.